Yadda Ake Fitar da Ɗan Mutum Daga Guntun Itace

Masassaƙin ƙasar Hausa turmi ya sani, da taɓarya da akushi da muciya da ƙotar fartanya da allon makaranta. Fuska ba ta cikin aikinsa, kuma da dalili. A mazhabar Malikiyya malamai sun hana sassaƙa siffar abu mai rai idan tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, sai dai sun yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, saboda hadisin da ya nuna Nana A'isha ta yi wasa da irinsu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya nemi fatawa kafin ya nemi wuƙa.

Da ka tsallaka daga Fagge zuwa Sabon Gari, sai ka tarar da wata al'adar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, unguwar ta kafu wajen 1913, mutanen Kudu suka zo da nasu gadon. A wurin Yarabawa, idan ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, akan sassaƙa ɗan mutum-mutumi, ere ibeji, a madadinsa. Daga gidan masu irin wannan sassaƙa Lamidi Fakeye na Ila Orangun ya fito, wanda ya koyar da sassaƙa a jami'ar Ife, ya rasu a 2009. Shi kuwa mai yi don nishaɗi, abin da yake nema bai kai wannan nauyi ba: ɗan dattijo mai tumbi, tsawon tafin hannu, wanda duk ya gan shi sai ya murmusa.

Aikin daga zaɓen itace yake farawa. Ƙirya da marke na turmi ne da ƙota, za su cinye kaifin wuƙarka su bar maka kanta a hannu. Mai koyo ya nemi itace mai laushi irin malaina, kuma guntayen da kafintoci ke zubarwa a 'Yan Katako ta Rijiyar Lemo sun ishe shi. Ɗanyen reshe ya fi daɗin yanka, amma hunturu ba ya raga masa: bayansa yana bushewa ya tsuke tun cikinsa na jiƙe, sai ya tsage. Maganinsa a faskara shi biyu a cire ɓargon tsakiya, a shafa kaki ko fenti a bakunan, a ajiye a inuwa.

Sai babban darasin, wato sanin inda jijiyar itace ta nufa. Duk wanda ya taɓa fere rake ya san a tsaye yake tsagewa cikin sauƙi, a kwance kuwa sai da ƙarfi. Haka itace. Idan wuƙa ta bi jijiya, ɓawon yana naɗewa siriri, wurin ya fito sumul yana sheƙi. Idan ta saɓa mata, sai ta nutse, ta ɓamɓaro abin da ba ka yi niyya ba, hancin da ka ɓata rabin yini a kansa ya faɗi ƙasa. Da ka ji wuƙa tana neman nutsewa, juya itacen ka yanko daga ɗaya ɓangaren. Akwai kuma dabarar da kusan rabin aikin ya dogara a kanta. Kafin ka rage itace ƙarƙashin haɓa ko bakin hula, ka fara dasa wuƙa a miƙe ka ja iyaka, sannan ka fero zuwa ga iyakar. Tsagewar a nan za ta tsaya. Babban yatsan hannun da ke riƙe da itacen shi ke tura bayan wuƙar, ba ƙarfin dantse ba. Dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka mutum, don ita ake dannewa har ta suɓuce, saboda haka dutsen washi da guntun fata na goge kaifi su zauna kusa.

To, daga ina abin dariyar yake fitowa? Daga rashin daidaito da gangan. Kan mutum na gaske kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne na tsawonsa, a nan sai a ba shi kashi ɗaya cikin uku. Ana fara fuska a kan kusurwar katakon, ba a kan shafaffen gefensa ba, don hanci ya sami tudun da zai tsaya. A ganina ma fuskar ba ita ce kan gaba ba, tsayuwa ce. Ka zauna bakin Kantin Kwari ka lura da ɗan dako yadda wuyansa ke shigewa tsakanin kafaɗu, ko mai ga-ruwa da kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ko alhajin da tumbinsa ke riga shi shiga shago. Daga nesa ka gane kowannensu ba tare da ka ga idonsa ba. Ido ne ya fi komai wahalar sassaƙa, sai a janyo hula ta rufe shi. Babbar riga kuma gata ce ga mai koyo, tana ɓoye hannaye da yatsu, waɗanda in an raba su da jiki karyewa suke yi.

Axel Petersson, mutumin Suwidin da ya rasu a 1925, ya yi suna ne da sassaƙa manoma da tsofaffin karkararsu, bai kuma damu da goge sawun wuƙarsa ba. Ina bayansa a nan. Sanfefa tana cinye kusurwoyin da ke kama haske, ta bar abin kamar na roba, kuma yashinta da ke maƙalewa a itacen yana dakusar da wuƙa in ka dawo gyara.

Wajen ado, ba sai an je da nisa ba. Ƙarfe mai zafi, irin wanda masu zanen ƙwarya ke aiki da shi, ya isa ya zana gemu da aikin wuyan riga da zanen hula. In fenti za a sa, a tsinka shi da ruwa don jijiyar itacen ta riƙa leƙowa. Daga nan a shafa man kaɗanya kaɗan, a bar shi ya kwana, washegari a goge da tsumma.