Makatsin Wuta da Kayan Gwada Shi

A gidajen Hausawan Kégué da ke birnin Lome, kusa da mitar kamfanin lantarki na Togo, wato CEET, akan ga wani ɗan akwati mai maɓalli. Masu gyaran wuta a can da sunansa na Faransanci suke kiransa, disjoncteur, su kuwa na Kano sukan ce bireka. A wannan darasi za mu kira shi makatsin wuta. Ɗalibai su lura da ginin kalmar: daga katse aka samo makatsi, kamar yadda aka samo mabuɗi daga buɗe, ko magogi daga goge.

Aikin makatsi shi ne ya yanke wuta kafin waya ta yi zafi ta kama. A cikinsa akwai ɗan siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa idan kaya sun yi wa layi yawa, akwai kuma maganaɗiso da ke fizge maɓallin nan take idan wayoyi biyu suka haɗu. Wani nau'in yana da aiki na uku: yana auna wutar da ta shiga gida da wadda ta komo, idan ya ga wata ta zurare ta jikin mutum ko ta bango mai laima, sai ya katse. Wanda aka yi domin kare rai yana katsewa a miliamfiya 30.

Matsalar ita ce, makatsin da ya mutu da mai lafiya kamarsu ɗaya a ido. Dukansu suna barin wuta ta wuce. Lome kuwa a bakin teku take, iskarta akwai gishiri da laima, kuma tsatsa kan shiga ciki ta riƙe maɓallin. Sai ranar da ake bukatarsa a tarar ya ƙi motsi.

Kayan gwajin da kowa ya sani shi ne testa, sukudirebar nan mai ɗan ƙwai a ciki. Amfaninta kaɗan ne a nan, don abin da kawai take faɗa shi ne akwai wuta a waya. Maɓallin da aka rubuta wa T a jikin makatsi ya fi ta. In an danna shi ya kamata wuta ta ɗauke. In ba ta ɗauke ba, a sake makatsin. Amma shi ma bai nuna ko wayar ƙasa ta gidan tana aiki ba, bai kuma nuna saurin katsewar ba.

Saurin nan shi ne jigon gwaji. Akwai na'ura da ake sokawa a soket, ta zurarar da wuta kaɗan da gangan, ta ƙirga lokaci. Bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa, makatsi mai miliamfiya 30 ya katse kafin kashi 300 cikin 1000 na daƙiƙa; in an ninka wutar sau 5, kafin kashi 40. In an ba shi rabin adadin kuma, kada ya katse sam. Wanda ya yi jinkiri, ko da ya katse daga baya, ya faɗi jarrabawa.

Wani lokaci laifin ba na makatsi ba ne. Idan yana yawan faɗuwa, akan maƙala wa waya na'ura mai baki kamar na ƙaguwa a ga amfiya nawa gidan ke ja. Sannan a kashe wuta, a sa na'urar da aka fi sani da Megger ta tura volt 500 cikin wayoyin, a ga ko robarsu ta ci. Sau da yawa nan ake gano firij ko famfon rijiya ne ke zurarar da wuta. A ganina mai gyaran da ya tsallake waɗannan ya ɗaure makatsi da guntuwar waya don mai gida ya huta, ya cire wa gidan kariyarsa ke nan, kuma an biya shi a kai.