Bindigar Iska: Auna Ta Da Tiya Kafin Ka Saya

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne gafiya da ɓera za su dawo gida, kurege kuma ya riga ya ci rabonsa a gonar gujiya. Watakila ka ga bindigar iska a hannun wani ɗan kasuwa a Maraɗi, ranka ya biya. To, ɗauko fensir da takarda, mu yi lissafi tare kafin ka kwance bakin aljihu.

Mece ce bindigar iska?

Ba ta cin albarushi kamar bindigar maharba. Iska ce ke tura ƙwayar darma ta fita. Iri uku ne aka fi gani. Akwai wadda ake karya bututunta a ɗana, wani naɗaɗɗen ƙarfe a ciki ya matse iska. Akwai mai aiki da ƴar kwalbar gas, in ta ƙare sai an sayi wata. Akwai kuma wadda ake cika wa iska da famfo na musamman, ita ce mafi tsada.

Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya ga ta farko. Ba ta neman komi sai ƙarfin hannunka da ƙwayar darma. In kwalbar gas ta ƙare maka a ƙauye, bindigarka ta zama sanda.

Ƙwayar darma iri biyu ce aka fi samu: mai milimita 4,5 da mai milimita 5,5. Ƙaramar ta fi araha, babbar ta fi kayar da gafiya. Kafin ka zaɓi bindiga, bincika wace ƙwaya ce ake samu kusa da kai. Kowace bindiga da bakinta, ba ta cin ta wata.

Me za ta yi maka?

Za ta kashe gafiya, ɓera da kurege daga taki 20 zuwa 25. Amma kada wani ya ruɗe ka da zancen tsuntsu. Jan baki dubbai yake sauka a gona. Kafin ka ɗana sau biyu sun gama da zangarniya goma. Maganinsa yara a kan dakali da majajjawa, gwangwani a igiya, da sanar da malamin gona da wuri in an ga inda suke kwana. In tsuntsu ne damuwarka, riƙe kuɗinka.

Lissafi

Kuɗin bindiga ba su ne ƙarshe ba. Rubuta kuɗin ƙwaya na shekara, da kuɗin mota zuwa Maraɗi ka dawo, da na gyara. Ga misali. A ce duka sun kama jika 40, tiyar hatsi kuma dala 100 ce a kasuwa. Jika 1 tiya 2 ke nan, jika 40 tiya 80. Yanzu tambayi kanka: tiya nawa ɓera ke ci mini a shekara? In bai kai haka ba, kyanwa da tarko da liƙe gindin rumbu sun fi maka.

Kada ka saida hatsi da kaka, lokacin da ya faɗi, don sayen bindiga, ka zo kana cin bashi da bazara. In bukatar ta zama dole, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku sayi guda. A ajiye ta wurin dattijo ɗaya, a rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya maido.

Yadda za ka duba ta

Suna ba shi ne aiki ba. Akwai Diana ta Jamus, Gamo ta Sipaniya, Hatsan ta Turkiyya, da na Sin masu araha. Tsohuwa mai lafiya ta fi sabuwa mai ƙyalli.

1. Karya ta, babu ƙwaya ciki, ka leƙa bututun ta baya wajen haske. In ka ga tsatsa ko lanƙwasa, bar ta.
2. Rufe ta ka girgiza. In bututun yana rawa, ba za ta yi saiti ba.
3. Duba ƴar robar da ke inda bututu ke haɗuwa da jiki. In ta tsage, iska zai zurare.
4. Kafa takarda a jikin katangar ƙasa, ka ja baya taki 15, ka harba sau 5. In duka sun faɗa cikin faɗin tafin hannu, ta yi.
5. Kada ka biya kuɗin madubin hange. Saitin ƙarfe ya isa.

Wanda ya hana ka gwadawa, ka hana shi kuɗinka.

Hukuma da daji

Kafin ciniki, je wurin jandarma da ma'aikatan gandun daji ka ji abin da ake bukata. Daga nesa bindigar iska ba ta da bambanci da ta yaƙi, ga shi zamani na ɓarayin daji. Kada ka yi yawo da ita a kasuwa ko da dare.

Dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta ce ba a farauta sai da takardar izini. Dajin Gadabeji, arewa da Dakoro, an keɓe shi tun 1955, kuma a 2018 aka kawo masa raƙuman dawa 8 daga Kure. Can ba wurin harbi ba ne. Ko a gonarka, bar mujiya, ita ke kama maka ɓera da dare. Bar balbela da shamuwa, su ke cinye fara.

Kiyaye ta, kiyaye iyali

Kada ka harba ta babu ƙwaya, ƙarfen ciki yana lalacewa. Kada ka ɗura mata man mota. Riƙe bututun da kyau sa'ad da kake sa ƙwaya, don in ya kuɓuce yana datse yatsa. Ƙwayarta tana fasa ido, tana ma iya kisa, saboda haka kada a nuna ta ga mutum ko da wasa. Darma kuma guba ce: kada ka riƙe ta a baki, kada yara su yi wasa da ita.

Karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, ku yi lissafin tare. Allah ya tsare mana rumbunanmu, ya kai mu damina lafiya. Amin.