Ma'aunin tsanwar ganye da ingancin ciyawar kiwo

Kalmar faransanci «chlorophylle» mun fassara ta da «tsanwar ganye», na'urar da ke auna ta kuwa mun kira ta «ma'aunin tsanwa». Wadda aka fi sani ita ce SPAD-502 ta kamfanin Minolta. Ana matse ganye a bakinta, sai ta ratsa shi da haske iri biyu: ja mai nanomita 650, wanda tsanwa ke shanyewa, da wani mai 940 da ido ba ya gani. Daga nan take fitar da lamba. Yawan tsanwa yana tafiya da yawan azot, azot kuma in an riɓanya shi sau 6,25 yana ba da kimar furotin. Idan furotin ya kasa kashi 7 cikin 100, saniya takan rage ci, ta rame.

Sai dai a ganinmu lambar ita kaɗai ba hujja ba ce. Gamba da kyasuwa da burgu, kowace sai an daidaita lambarta da awon laboratuwar tukuna. Na'urar ba ta ganin taurin kara bayan gamba ta fid da kai. Da rani kuwa, lokacin da makiyayi ya fi bukatar sani, ciyawa ta bushe, babu tsanwar da za a auna.