Ƙwallon Tebur: A Ina Ya Kamata Ƙwallo Ta Taɓa Bat?

A Birnin Gwari, inda shekarun rashin tsaro suka sa iyaye ba sa son yaro ya yi nisa da gida, ƙwallon tebur ta yi mana rana. Ba ta buƙatar fili. Teburin kafinta a gindin bishiya ya isa. Sai dai a teburin haya wanda aka cinye shi ke biya, kuma da yawanmu a nan kuɗin tara ke ƙarewa, don ba mu iya bugun murzawa ba.

Bugun murzawa shi ne ka shafi ƙwallo daga baya zuwa sama, ta tafi tana juyawa gaba, ta tsallake raga sannan ta nutse kan tebur. Da irinsa na hannun dama Aruna Quadri, ɗan garin Oyo, ya fitar da Timo Boll na Jamus a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shiga cikin takwas na ƙarshe.

To, a ina ƙwallon za ta sauka a jikin bat? Tsakanin tsakiya da baki, nesa da mariƙi. Idan hannu ya kaɗa, bakin bat ya fi gindinsa gudu, kamar yadda bakin tsumagiya ya fi zafi. Kusa da mariƙi ƙwallo ba ta samun juyi sosai, sai ta tafi a mace, abokin wasa ya kwaɗa maka ita. In kuma ka matsa can gefe, katako za ta bugi, ka je tsinto ta a kwata.

Wasu na cewa a bar ƙwallo ta gangara a kan robar daga sama har ƙasa. Ina lokacin? Ƙwallon giram 2.7 ce kacal, kuma haɗuwarta da roba kamar kashi 1 cikin 1,000 ne na daƙiƙa. Abin yi shi ne ka kifa fuskar bat gaba kaɗan, ka shafi rabin saman ƙwallon.

Ga gwajin da muke yi: ku goga allin aji a jikin ƙwallo, ku yi bugu goma da baƙar robar, sannan ku duba inda tabon ya taru. In kun gama ku goge robar da ɗanyen tsumma, domin alli, kamar ƙurar hunturu, yana hana ta kama ƙwallo.