Zanzibar: murjanin da ke ciyar da tsibiri, kuma baƙi ke iya kashewa

Matan ƙasar Hausa sun san murjani a matsayin jan dutsen ado na wuya da hannu. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne murjani halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne na teku, masu gina wa kansu gida mai tauri, gida kan gida, har shekaru su mayar da shi kamar tsauni a ƙarƙashin ruwa. Jan da ake yin sarƙa da shi galibi daga tekun Bahar Rum yake fitowa. Wanda ke Zanzibar danginsa ne, ba a sanya shi a wuya, amma kallonsa kaɗai ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin samun kuɗin tsibirin.

Zanzibar yanki ne na ƙasar Tanzaniya tun haɗewarsa da Tanganyika a 1964. Manyan tsibiransa biyu ne, Unguja da Pemba, a tekun Indiya. Mutanensa sun kusan miliyan 2, mafi yawansu Musulmi ne masu magana da Swahili. A da kanumfari ne arzikinsa. Yanzu yawon buɗe ido ya sha gabansa.

Kallon murjani ba ya buƙatar nutsewa can ƙasa da tulun iska a baya. Mutum yana sanya madubin da ke rufe ido da hanci, ya riƙe bututu a baki wanda bakinsa ke sama da ruwa, ya sa takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Sai ya kwanta rub da ciki a saman ruwa, yana numfashi ta bututun, yana kallon kifaye masu launi kala-kala. Wanda bai iya iyo sosai ba ana ba shi rigar da ke hana nutsewa. Kewayen ƙaramin tsibirin Mnemba ne ya fi suna, shi ya sa jiragen ruwa ke cika shi kowace safiya.

Matsalar ita ce murjani ba ya jure wahala. Wuraren da yake ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku sun dogara da shi. A jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ke ba shi abinci da launi. In ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na makonni, sai ya kore su, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a yankin tekun Indiya a 1998. Ga kuma ɓarnar hannu: ƙarfen tsayar da jirgi da ake jefawa a kansa, da ƙafar mai iyo da ke karya reshen da ya ɗauki shekaru yana girma. Murjani ya mutu, kifi ya ƙaura, masunci ya dawo gida hannu rabbana.

Tsibirin Chumbe ya nuna akwai mafita. Tun 1994 aka killace ruwansa, aka hana kamun kifi, aka ƙayyade yawan baƙin da ke shiga, aka ɗauki tsofaffin masunta aikin gadi. Kuɗin baƙi ke biyan aikin, har da kai ƴan makaranta su ga teku da idonsu.

A tudu ma labarin ɗaya ne. Dajin Jozani, wanda ya zama gandun ƙasa a 2004, shi ne matattarar wani jan biri da babu irinsa a duniya sai a Zanzibar, kuma yawansu bai kai 6,000 ba. Ana hana baƙi matsowa kusa da su ko ba su abinci, don mutum na iya sa musu cuta.

Sai tsohon birnin Stone Town, da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2000. Ƙofofinsa na itace masu sassaƙa suna ba da labarin cuɗanyar Afirka da Larabawan Oman da Indiyawa. Nan ne kuma aka yi babbar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Mazauna birnin sun daɗe suna kokawa da baƙin da ke yawo cikin lunguna da kayan wanka, har hukuma ta buƙaci a riƙa rufe kafaɗa da gwiwa a cikin gari.

Ƙa'idar guda ce a ruwa, a daji da cikin birni: a kalla, kada a taɓa, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum. Baƙon da ya kiyaye ta ya bar wa masunci kifinsa, ya bar wa mai gari mutuncinsa.