Sanda da Keke da Igiyar Fatsa: Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Idan an gama kau da amfanin gona, ruwan kogi ya ja baya, manoman da ke zaune kusa da gulbi ko dam sukan sami sararin yin fatsa. Ma'aikatan ofis ma akwai masu fita ran Asabar da Lahadi. Da can gora ce da zare da ƙugiya da tana, shi ke nan. Yanzu kuwa ana ganin wata irin sandar fatsa ta ƙasashen waje a kasuwa, mai zobba a jikinta, da ɗan keke na naɗe igiya. Waɗansu sababbi ne, waɗansu cikin kayan gwanjo suke zuwa. Mutum ya gani ta ba shi sha'awa, ya zuba kuɗinsa, ya je bakin ruwa, kifin kirki na farko da ya kama ya tsinke igiya ya tafi da ƙugiya. Sai ya dawo yana zagin ɗan kasuwa. Sau da yawa kuwa ɗan kasuwa ba shi da laifi, sai dai shi da mai sayen duka ba su san kifin da aka ƙera kayan dominsa ba.

Da yawa daga cikin sandunan nan na ruwan daɗi an yi su ne domin wani kifi na Amurka da ake kira bas. (Sunansa ke nan, ba abin da ya gama shi da motar haya.) Kifi ne mai ruwan kore-kore, mai ƙaton baki, wanda ya kan laɓe cikin ciyawar ruwa ko gindin itacen da ya nutse, in ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gifta sai ya wangame baki ya zuƙe shi gaba ɗaya. In ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle sama yana kaɗa kai don ya yar da ita. Wannan faɗan nasa shi ya sa Amurkawa suka ɗauke shi abin wasa, har suna gasa a kansa. Wani mutum mai suna Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas a 1968, aka yi babbar gasarsu ta farko a tafkin Mead a 1971. An kai irinsa Afirka ta Kudu a 1928, da tafkin Naivasha na Kenya a 1929.

To, ga inda maganar take. Bas ba babban kifi ba ne. Wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, mai laba 22 da oza 4, watau wajen kilo 10, shi aka rubuta a matsayin mafi girma, aka yi shekara 77 kafin Manabu Kurita ya kamo kamarsa a tafkin Biwa na Japan a 2009. Galibin waɗanda ake kamawa kullum ba su wuce laba 2 ko 3 ba. A ruwan ƙasar nan kifin da ya fi kama da shi a hali shi ne giwan ruwa, ko da yake ba dangi ba ne na kusa. Shi ma ɗan kwanto ne, shi ma zuƙa yake yi, shi ma ya kan yi tsalle. Amma giwan ruwan da aka kama da sanda a tafkin Nasser na Masar a shekara ta 2000 laba 230 ya yi, watau ya haura kilo 104. Wanda ya ɗauki kayan bas ya nufi babban giwan ruwa a Kainji ko Binuwai, ya ɗauki igiyar akuya zai ɗaure bijimi.

Wannan ba ya nufin kayan ba su da amfani a nan. Suna kama ƙarfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙananan giwan ruwa sarai, in an san yadda za a haɗa su. Haɗin shi ne duk ilmin: sanda da keke da igiya su zama tsaran juna, sa'an nan su zama tsaran kifin da ake nema.

A fara da sanda. Kusa da mariƙi masu ƙira sukan rubuta abu uku ko huɗu da ƙananan baƙaƙe, kuma mutane kaɗan ne ke tsayawa su karanta. Akwai tsawonta, wanda ga sandar bas ya kan kama daga ƙafa 6 da rabi zuwa 7 da rabi. Akwai ƙarfinta: L mara ƙarfi ce, M matsakaiciya, MH ta ɗara matsakaiciya, H mai ƙarfi. Sa'an nan akwai lamba biyu da haruffan lb a gabansu, misali 10 zuwa 20, ma'ana igiyar da ta dace da sandar ita ce wadda ke ɗaukar laba 10 zuwa 20 kafin ta tsinke. In aka sa mata igiya mai laba 50 aka ɗaure birki tam, ranar da babban kifi ya ja, igiya ba za ta tsinke ba, sandar ce za ta karye. Wanda zai sayi sanda ɗaya tak, ya nemi MH mai ƙafa 7. Ita ce ke kusan yin kowane aiki.

Sai a duba inda take lanƙwasa. A kafa bakinta a ƙasa a hankali a danna. Wadda ke lanƙwasa can wajen baki kaɗai, ita ce ke soka ƙugiya da sauri, kuma mai riƙe da ita ya fi jin taɓin kifi. Wadda ke lanƙwasa tun daga tsakiya ta fi haƙuri da kifi mai fizga, ba ta cika yage masa baki ba. Abin da ake yin su da shi iri biyu ne. Ta zaren gilashi, wadda ta fito bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tana da nauyi amma tana jure wahala. Ta girafait, wadda kamfanin Fenwick ya fitar a 1973, ba ta da nauyi, amma in ta bugu da gefen kwalekwale ko aka taka ta, ta kan yi tsagar da ido ba ya gani, sai wata rana ta ɓalle farat ɗaya. Ga manomin da zai ɗaura sandarsa a bayan babur tare da fartanya, ta gilashi ta fi. Ta girafait kuma wutar lantarki na bin jikinta, saboda haka in hadari ya taso ana walƙiya a kwantar da ita, kada kuma a ɗaga ta ƙarƙashin wayar wuta.

In ta gwanjo ce, a sami ɗan guntun auduga a zura cikin kowane zobe a juya. Zoben da ya riƙe audugar ya tsage, zai riƙa cin igiya a hankali har ta tsinke.

Keke iri biyu ne manya. Na farko shi ne mai zama a bisa sanda, wanda kwarkwaronsa ke juyawa sa'ad da aka yi jifa. Asalinsa daga jihar Kentaki ne, inda wani mai gyaran agogo, George Snyder, ya ƙera shi tsakanin 1810 da 1820. Gwanayen bas shi suka fi so, domin yana ɗaukar igiya mai kauri, kuma da babban yatsa ake tsai da kwarkwaron, sai ƙugiya ta faɗa daidai inda ake so. Amma fa yana da wuyar koyo. In yatsa ya makara, kwarkwaro ya ci gaba da juyawa bayan ƙugiya ta faɗa ruwa, sai igiya ta cukurkuɗe, mutum ya share rabin sa'a yana tsifa, kifi na wucewa. Na biyu shi ne mai rataya ƙarƙashin sanda, wanda kwarkwaronsa ba ya juyawa, igiya ce ke warwarowa da kanta. Wani na Faransa mai suna Mitchell 300, wanda ya fito a 1948, shi ya sa irinsa ya bazu a duniya. Yaro ma ya kan koye shi da yamma ɗaya. Wanda bai taɓa riƙe keke ba ya fara da wannan, ɗan kasuwa kuma shi ya kamata ya fi sarowa. A lura dai kowane keke da irin sandarsa: ta mai ratayawa zobbanta na kusa da hannu manya ne, ta mai zama a bisa ƙanana ne, kuma tana da ɗan ƙahon da yatsa ke kamawa.

A jikin keke akan ga lamba kamar 6.4:1. Ma'anarta, in an juya hannu sau ɗaya, abin naɗin ya zaga sau shida da ɗan ɗori. Mai ƙaramar lamba, kamar 5, ba shi da sauri amma ya fi ƙarfin ja, kamar giyar farko ta mota. Yawan boris ɗin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali kuwa, kada ya ruɗi kowa. Huɗu masu kyau sun fi goma sha biyu na banza.

Abin da ya fi duka muhimmanci a keke shi ne birki, watau wani maɗauri da ake murɗawa don igiya ta riƙa fita da ƙyar in kifi ya ja da ƙarfi, maimakon ta tsinke. Yawancin masu koyo sukan ɗaure shi har ƙarshe, suna tsammani ta haka kifi ba zai gudu ba. Nan ne asarar take. Ƙa'idar ita ce a ɗaure shi a kan rubu'i zuwa sulusin ƙarfin igiya. Gwada shi ba wuya. A ari sikelin ratayawa na mai awo, a ɗaura igiya a ƙugiyarsa, wani ya riƙe sanda, a ja. In igiya mai laba 12 ce, ta fara fita sa'ad da sikeli ya nuna laba 3 ko 4. A kasa kunne kuma a ji yadda take fita. In tana fita sumul, birki na da kyau. In tana fita tana cijewa, a bar keken nan wa mai shi komai arharsa.

Sai igiya, wadda ita ce mafi arha cikin kayan uku, ita ce kuma aka fi yi wa rowa. Iri uku ce. Ta nailan, wadda kamfanin DuPont ya fara sayarwa a 1939, ita ce aka fi sani. Tana da arha, tana ƙulluwa da sauƙi, tana kuma miƙewa kamar roba, abin da ke rage wa ƙugiya zafin fizgar kifi. Maƙiyinta rana ce. Nailan ɗin da ya sha rana ya kan yi fari ya bushe, mai laba 15 ta koma ba ta ɗaukar rabin haka. Ta biyu ana ce da ita fulorokabon, kamfanin Kureha na Japan ya fito da ita a 1971. Tana nutsewa, kifi ba ya ganinta sosai, tana jure gogar dutse, amma tana da tsada da taurin kai. Amfaninta a ruwa garau ne. A jan ruwan damina, inda mutum ba ya ganin tafin hannunsa in ya tsoma, sayenta ɓarnar kuɗi ce. Ta uku kitsattsiya ce, ta yaɗu a shekarun 1990. Siririya ce ƙwarai bisa ga ƙarfinta, mai laba 30 kaurinta kamar na nailan mai laba 8. Ba ta miƙewa ko kaɗan, tana yanka ciyawar ruwa, shi ya sa masu bas ke sa mai laba 50 ko 65 in za su jefa kwaɗon roba cikin bado. Kada a kuskura a naɗa ta a hannu a ja in ƙugiya ta maƙale, yanka yatsa take yi. A naɗa ta a guntun itace.

Ga ƙarfasa da tarwaɗa matsakaita, nailan mai laba 10 zuwa 15 ta isa. A cika kwarkwaro har ya rage kamar kaurin tsinken ashana ya kai baki. In ya gaza haka jifa ba ta nisa, in ya wuce igiya ta zubo. Kowane ƙulli a jiƙa shi da yawu kafin a ja shi, don zafin guga yana ƙona nailan. Bayan kowane kifi a bi kamu biyu na ƙarshe da yatsa, in an ji kaushi a yanke a sake ɗauri.

Akwai abu biyu a ruwan ƙasar nan da mai ƙera kayan bas bai yi shirinsu ba. Bas ba shi da haƙoran yanka, bakinsa kaushi kawai gare shi, har ana ɗaga shi da babban yatsa a leɓe. Tsage kuwa haƙoransa sun isa su datse kowace igiya cikin ukun nan da cizo ɗaya, sai an sa guntuwar waya kamar taƙi ɗaya tsakanin igiya da ƙugiya. Giwan ruwa kuma ƙashin kumatunsa kaifi gare shi kamar aska, in ya yi tsalle ya juya igiya ta bi ta kai, ta tafi. Maganinsa a ɗaura nailan mai kauri, laba 80 ko 100, kamar kamu uku a gaba. Ban da wannan, ƙaramin keken bas yadi 120 ko kusa da haka yake ɗauka na igiya mai laba 12, babban giwan ruwa kuwa yana iya zare wannan duka a gudu ɗaya. Wanda ya ƙudura niyyar giwan ruwa ya nemi babban keke mai cin yadi 200 ko fi na igiya mai laba 30 zuwa 50, da sandar da aka rubuta wa wannan nauyi.

Gaskiyar magana, sanda da keke ba za su ci da gida kamar yadda taru da birgi da mamari ke ci da gidajen masunta ba. Amurkawa wasa suke yi da su, a gasarsu ma in an auna kifi sakinsa ake yi ya koma ruwa. Mai neman ƙarfasa biyar na miya a tafkin bayan gari, gorarsa ta ishe shi, ya ajiye kuɗinsa ya sayi taki. Inda keke ya fi gora shi ne ruwa mai faɗi, irin na Tiga ko Kainji, inda kifi ke kwance yadi 30 daga gaɓa, da gindin duwatsun da raga ba ta shiga sai ta yage. Kafin a jefa ƙugiya a irin wuraren nan a nemi izinin Sarkin Ruwa da na hukumar da ke kula da wurin. Tsohuwar igiya kuma kada a yar da ita a gaɓa, ba ta ruɓewa, ta kan naɗe ƙafar agwagi da awaki.

Ƙurar hunturu da rairayi su ke kashe keke. Bayan an dawo a goge shi da tsumma, a ɗiga masa man keken ɗinki, ban da man gyaɗa, don ya kan daskare ya yi danƙo. A sassauta birki kafin a ajiye. Ɗan kasuwa kuma ya daina baza ƙunshin nailan a bisa tebur cikin rana don jan ido. Ya rataya sanda a waje mutane su gani, igiya ta zauna cikin kwali a inuwa, sai an tambaya a fito da ita.