Kuɗin bursu da lampo: ina ruwan mai tebur a kasuwa?

Daga Sabon Gari zuwa Tibiri da Jiratawa, gidaje da yawa haka suke: uwargida na da tebur a kasuwa, maigida kuwa ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, yana jiran bursu daga hukumar ANAB. Sai tambaya ta taso: in ma'aikatan lampo sun zo, za su haɗa kuɗin miji da na mata ne?

A'a. A Nijar kowa da nasa lissafi. Mai sana'a tana biyan harajin da muka saba kira patanti, gwargwadon cinikinta. Ma'aikaci kuma tun kafin albashi ya shigo hannunsa an cire nasa. Bursu ba ciniki ba ce, ba ladan aiki ba ce, tallafin karatu ce.

Amma Hajiya, ga inda gizo ke saƙa. Bursu takan makara, in ta zo kuma a dunƙule take zuwa. Sai maigida ya ce a juya ta kafin a ci, a saro atamfa ko buhunan shinkafa. Mai kimanta haraji bai san wannan labari ba, kayan da ya gani a rumfa su yake dubawa. In ba ki da littafin da kike rubuta abin da kika saro da abin da kika sayar, da me za ki yi gardama? Littafin jika guda ya isa. Ki ware shafin kuɗin maigida daban, ki adana kowace takardar shaidar biya, ko ta tikitin kasuwa ce.

In maigida mai albashi ne, dokar haraji ta 2012 ta tanadi rangwame bisa yawan iyalin da ke wuyansa, daga kashi 5 cikin 100 ga mutum ɗaya har kashi 30 ga bakwai. Wasu sun yi asararsa don sakaci kawai: ba su kai takardar aure da na haihuwar yara ofishin albashi ba.

Masu ɗa ko ƙane a Amurka kuwa su gaya masa can dabam ne. Miji da mata na iya cike takarda ɗaya, wa'adinta 15 ga Afrilu. Abin da bursu ta biya na makaranta da littattafai ba haraji, amma na abinci da ɗakin kwana ana lissafa shi cikin kuɗin shiga.